Jarrabawar malaman Kaduna: waɗanda abin ya faru a kansu, ku ba mu labari

Kafinta daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar gardama ta ɓarke a majalisarmu, har aka kira magariba ba a rabu ba. Abin da ya jawo ta shi ne 'yar maƙwabcina, tana aji biyar a firamaren gwamnati, aka miƙa mata katin asibiti ta karanta wa kakarta ranar da za ta koma, yarinya ta tsaya tana kallon takarda har hawaye ya zubo mata. Nan wani ya ce gara a sake yi wa malamai irin tankaɗe da rairayar 2017, wani kuma ya ce ai wannan yarinyar bayan tankaɗen ta shiga makaranta, to me ya gyara?

Ga wanda bai san zancen ba: a 2017, zamanin Malam Nasiru El-Rufai, an yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce sai mutum ya ci kashi 75 cikin ɗari. Mutum 21,780 ba su kai ba, aka sallame su, gwamnati ta ce za ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018. A 2022 ma an sake sallamar 2,357 bayan wata jarrabawar.

Ni ba malami ba ne, zarto da guduma na sani. Amma 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati. Ina roƙon wanda ya zauna jarrabawar, ko aka ɗauke shi bayanta, ko ɗansa yana aji a lokacin, ya faɗa mana abin da idonsa ya gani. Don Allah ban da zagi, kuma kada a kama sunan kowa.

Malamar aji uku:
Wa alaikumus salam Malam. Ni na zauna ta, kuma na ci. Amma har yau idan na tuna ranar sai gabana ya faɗi. A kan bencin yara aka zaunar da mu, gwiwa tana dukan tebur. A damana akwai wata baiwar Allah da ta kusa haifata, ta manta tabaranta a gida, tana ɗaga takarda sama tana neman haske, hannunta yana rawa. A haguna kuma wani matashi ne, da muka fito na tambaye shi ya aka yi, ya ce shi dai ya cike gurabe. Daga baya na gane ko tambayoyin bai iya karantawa ba.

Tambayoyin ba su da wuya, gaskiya ɗaya ce. Duk wanda yake duba littafin yara kullum bai kamata su kayar da shi ba.

Mu goma sha huɗu ne a makarantarmu, biyar muka rage. Wata uku ina riƙe da aji biyu da aji uku a haɗe, ɗaki bai ɗauke su ba sai muka koma gindin darbejiya, na jingina allo a jikin bishiya. Ga shi tun da aka fara ciyar da ɗalibai a 2016 yara suka yi ta tururuwa, wasu ma ba su isa shiga makaranta ba, yayyensu ke goyo su. Muryata ta dishe har sai da na koma nuni da hannu.

Cikin tara da suka tafi, biyu kam ko ni ba zan ba su 'yata ba. Amma akwai wani dattijo mai aji ɗaya, shi ne ke sa yaro ya daina kuka ya zauna, ya riƙe hannunsa ya koya masa kama fensir. Turancinsa ne ya kayar da shi. Har yau ba mu sami wanda ya iya aji ɗaya kamarsa ba.

Tsohon malami, yanzu ɗan kasuwar hatsi:
Na daɗe ina karanta bayananku ina shiru, yau dai zan yi magana. Ina cikin waɗanda aka sallama. Shekara goma sha tara ina riƙe da alli. Maki 68 na samu. Ƙungiyarmu ta tsaya a kan cewa kashi 60 aka yi magana tun farko, kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN ce ke da hurumin gwada malami. Da an tsaya a 60 da yanzu ina aji.

Ba zan ce ni gwani ba ne. Lissafi ba ya ba ni tsoro, amma Turancina mai rauni ne, na sani. Abin da nake so a gane shi ne, a shekara goma sha taran nan ba a taɓa kirana bita ko ta kwana ɗaya ba. Idan takardar bita ta zo, sunayen da aka saba ne ke tafiya saboda kuɗin zama. Ba wanda ya taɓa shigowa ajina ya zauna a baya ya ce Malam, nan ka yi daidai, nan ka gyara. Ranar farko da aka waiwaye ni, ita ce ranar da aka zo auna ni.

Rashin albashin ya yi ciwo, amma kunyar ta fi. Lokacin da aka riƙa yaɗa hotunan takardun wasu a intanet ana dariya, ɗana na fari ya dawo gida ya ƙi cin abinci, wai abokansa sun ce babansa ya faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. Na fi wata biyu ina zuwa sallar asuba a wani masallaci na bayan unguwa don kada in haɗu da iyayen ɗalibaina. Yanzu alhamdu lillahi ina auna masara da dawa, rufin asiri ya samu. Amma idan na ji ƙararrawar makaranta da safe, sai in ji kamar na makara.

Kafinta daga Tudun Wada:
Allah ya ba ka haƙuri Malam, ya sa hakan ya zama alheri. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Uwar marayu, Rigasa:
Malam mai hatsi, na tausaya maka, Allah ya sani. Amma ku bar ni in faɗi nawa ɓangaren, don mu ma mun yi kuka, namu ne ba a ji ba.

Babban ɗana ya gama aji shida a shekarar da aka yi jarrabawar nan. Shekara shida ina wanke masa yunifom, ina ba shi kuɗin tara daga cinikin ƙosai. Ranar da ƙanen mijina ya ce ya rubuta sunansa da na mahaifinsa a takarda, sai ya rubuta na farko da kyar, na biyu ya gagara. Na ɗauko littattafansa na kai wa wata maƙwabciyata mai karatu, ta buɗe tana girgiza kai. Ta nuna mini inda yaro ya kwafi abu ba daidai ba daga allo, an sa masa hannu da jan biro an ce ya yi kyau. Shafi bayan shafi haka.

Ni ban yi boko ba, amanar ɗana na ba su. Da na san haka ake ciki da tun yana ƙarami na kai shi koyon sana'a. Yanzu yana garejin gyaran Keke Napep, ko rasit sai an rubuta masa. Malamin da aka sallama ya sami wata sana'ar, amma wa zai mayar wa ɗana shekara shida? Saboda haka ranar da na ji an yi korar nan, ban ɓoye ba, na ce Allah ya ƙara. Ƙannensa kuwa na matse bakin aljihu ina biya musu lesin da yamma wurin wata ɗalibar kwaleji, da shi suka iya karatu.

Tsohon hedimasta mai ritaya:
'Yata uwar marayu, maganarki gaskiya ce, kuma mu da muka shugabanci makarantu muna da kaso a cikin alhakin ɗanki. Ku ba ni dama in ɗan ja zancen baya, don tsufa ya sa na ga farkon abin.

Ni ɗan kwalejin horon malamai ne, mai takardar Grade II. Shekara biyar muka yi ana koya mana abin da za mu koyar da kuma yadda za mu koyar da shi. Yadda ake tsayuwa a gaban allo ba tare da ka ba yara baya ba, yadda ake rubutu a miƙe, yadda ake jefa tambaya ga yaron da ke ɓuya a lungu. Kafin ka fita sai an tura ka koyarwar gwaji, malaminka yana zaune a bayan aji da biro. Da muka kama aiki, duk ranar Litinin sai ka ajiye littafin shirin darasi a teburin hedimasta ya sa hannu. Sufeto kuma ba ya sallama, sai dai ka ji ƙarar babur ɗinsa. Zai ɗauki littafin yaro ɗaya daga tsakiya, ya ce karanta mini nan. Idan yaro ya kasa, kai za a tambaya.

Da aka buɗe UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, yara suka cika makarantu fiye da malaman da ake da su, aka shiga ɗaukar mutane da gaggawa ana yi musu gajeren horo. Daga nan igiya ta fara sassautawa. Daga baya aka rufe kwalejojin Grade II aka ce NCE, takardar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa. A takarda ci gaba ne. Amma ku duba wa ke zuwa kwalejin ilimi yau: galibi wanda makinsa bai kai na jami'a ba, ya je ne don ba yadda zai yi, ba don yana son aji ba.

Babbar ɓarnar kuwa da idona na gan ta bayan dawowar siyasa. Sai ka zo da safe ka tarar da mutum a ƙofar ofis da takardar kama aiki, ba ka san lokacin da aka yi masa intabiyu ba. Wannan ƙanen matar wane ne, wancan yaron wane ne da ya yi wahalar kamfe. Akwai wanda aka turo mini, na ba shi alli na ce rubuta ranar yau a allo, ya kasa. Na rubuta takarda na mayar da shi. Bayan sati biyu shi ya dawo, ni aka yi wa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Tun daga ranar na koyi yin shiru, kuma shirun nan yana cikin abin da nake neman gafarar Allah a kansa.

Don haka da aka yi jarrabawar 2017 ban yi mamakin sakamakon ba. Abin da na zuba ido in gani shi ne ko za a kira waɗanda suka sa hannu a takardun ɗaukar mutanen nan a tambaye su. An kori wanda ya shigo ta taga, amma wanda ya buɗe masa tagar yana nan. Kuma da ni aka tambaya, da na ce a kasa su uku: wanda bai iya karatu ba sam a sallame shi da haƙƙinsa a hannu, wanda ya kusa kaiwa irin Malam mai hatsi a mayar da shi horo na wata shida a sake gwada shi, wanda ya ci a ƙara masa wani abu ya san an gani.

Sabon ɗauka na 2018:
Baba hedimasta, Allah ya ƙara lafiya. Ni ina cikin waɗanda aka ɗauka don maye gurbi. Digirina a kimiyyar haɗa sinadarai ne, shekara huɗu ina zaune ba aiki, da aka buɗe sai na nema. Jarrabawar ɗaukar ba ta ba ni wahala ba. Cikinmu ma ba duka aka tsira ba, a shekarar aka sake sallamar sama da dubu huɗu daga sababbin.

Aka tura ni ƙauyen da ban taɓa jin sunansa ba, aka ba ni aji biyu. Na ƙirga yara 112 a rajista, alhali tsarin ilimi na ƙasa malami ɗaya ga yara 35 ya ce. Ranar farko na cika allo da rubutu da Turanci, na juyo ina jin na yi aiki. Rabin ajin suna kokawa, wasu sun fita ta taga, na gaba suna kallona kamar ina yaren aljanu. Na yi sati uku a haka. Na san abin da ke cikin littafin sarai, amma ban san yadda zan sa shi a kan yaro ɗan shekara bakwai ba.

Wanda ya cece ni, wani ne daga cikin waɗanda aka sallama, gidansa yana kallon makarantar. Wata rana ya kira ni ya ce, ɗana, kana wahalar da kanka. Ya ce in fara da waƙa, in raba su rukuni-rukuni in naɗa wa kowane rukuni shugaba, in yi bayani da Hausa tukuna, kuma kada in rubuta fiye da layi uku a allo. Ya tara mini marafan kwalba a gwangwani don ƙidaya. Cikin wata guda aji ya natsu. Ni na ci jarrabawa shi ya faɗi, amma shi ya koya mini aikin.

Mu shida aka turo ƙauyen, biyu muka rage. Ba gidan haya, ba ruwa, kuɗin mota yana cinye albashi, ga fargabar hanya. Duk wanda ya sami wata ƙofa sai ya tafi.

Mushe (malamin makaranta) daga Maraɗi:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Ku san ba ku kaɗai ba ne. Mu ma a Nijar a shekarar 2017 ɗin nan aka yi wa malamai 'yan kwantiragi gwaji, lokacin minista Daouda Mamadou Marthé, ƙungiyoyin malamai suka ce kada a shiga, wasu suka shiga wasu suka ƙi. Maki bisa ashirin ne, kuma dubbai sun rasa aikinsu. Ni na shiga na tsallake. A lakkwal ɗinmu, wato makarantarmu, an samu wanda takardar shaidarsa ma ba tasa ba ce, wannan kam ba wanda ya yi masa kuka. Amma ajina na zana ne, ba ma fara karatu sosai sai an gama girbi an samu kara an kafa rumfa, kuma da hadari ya fara haɗuwa shekara ta ƙare. Yaron da Hausa kaɗai yake ji a gida, ranar farko da Faransanci ake tarbarsa. Gwaji bai taɓa waɗannan ba.

Malama daga Katsina:
Ina so in ɗora a kan maganar yare da Mushe ya taɓo, don ni na ga abin da horo yake yi. Ina cikin waɗanda aka koya wa karantar da yara da Hausa a shirin RANA, wanda aka yi a Katsina da Zamfara tare da UNICEF. Kafin nan yadda aka koya mini haka nake yi: in faɗa su maimaita, su haddace shafi, idan ka rufe hoton ba su san komai ba. A horon aka nuna mana a fara da sautin harafi, a haɗa baƙi da wasali ya zama gaɓa, gaɓa biyu su zama kalma. Aka ba kowane yaro littafi a hannunsa, aka ba ni jagoran malami darasi bayan darasi. Abin da ya fi amfanata shi ne mai bibiya da ke zuwa ta zauna a ajina, bayan an tashi mu zauna ta ce yau kin yi sauri a nan, gobe ki tsaya.

Ban manta wata yarinya 'yar aji biyu da ke zuwa da farantin gyaɗa tana ajiyewa a bakin ƙofa. Ranar da ta haɗa "ta" da "fi" da kanta ta ce "tafi", ta ɗago ta kalle ni, sai ta sake karantawa da ƙarfi don ta tabbatar. Ni ce dai malamar da nake a da, takardata ba ta canza ba. Da an gwada ni kafin horon da wataƙila ni ma an ce ban iya ba.

Malam kafinta, game da 'yar maƙwabcinka: katin asibiti da Turanci ne da rubutun likita, kada a yanke mata hukunci da shi. A rubuta mata kalmomin Hausa masu gaɓa biyu a gani. Idan ta karanta, matsalar Turanci ce. Idan ta kasa, a koma da ita kan sautin haruffa, minti ashirin kullum bayan magariba, in sha Allahu kafin wata uku za a ga bambanci.

Uwar marayu, Rigasa:
Malama, Allah ya saka. Wannan na gaɓa-gaɓa shi ɗalibar nan ta yi wa ƙananan nawa. Malam mai hatsi, idan maganata ta yi maka zafi ka yafe ni, ba da kai nake ba.

Tsohon malami, yanzu ɗan kasuwar hatsi:
Ba komai Hajiya, ciwon ɗa ya fi gaban haka. Idan babban naki yana so, ranar Juma'a ba na fita kasuwa. Ya zo da littafi da fensir, ba sai an biya ba. Wanda ya iya kwance inji ya mayar, haruffa ba za su gagare shi ba.

Kafinta daga Tudun Wada:
Na gode muku duka. Malama ta Katsina, daren jiya mun gwada yarinyar kamar yadda kika ce. Ta karanta "gida" da "rana", ta tsaya a "makaranta". Mahaifinta ya ce zai fara zama da ita.

Yau da safe kuma na rufe shago na bi ɗana na tsakiya har ajinsu, abin da ban taɓa yi ba tun da na sa shi. Na ƙirga yara 94, benci goma sha ɗaya, huɗu daga ciki ƙafa ta karye an jingina su a bango. Malamarsu tana ta fama, ba ta ma lura da shigowata ba sai da yara suka miƙe gaisuwa. Hedimasta ya ce akwai zaman kwamitin iyaye da makaranta ranar Asabar ƙarfe goma, wai sau uku ana kira mutum bakwai ke zuwa. Na ce masa zan zo da guduma da ƙusa in fara da bencin nan huɗu. Baba hedimasta, idan mun zauna, me ya kamata mu fara tambaya, rajistar zuwan malamai ko littattafan yara?